Hawan Bishiya Da Injin Yanka: Arahar Da Matasan Kudancin Kaduna Ke Biya Da Jikinsu

Ranar wata Asabar, ana sauran 'yan makonni damina ta faɗi, wani maƙwabcinmu a Barnawa ya kira masu saran bishiya su rage masa wani tsohon maɗaci da rassansa suka kwanto kan kwanon gida. Samari uku suka zo a kan babur ɗaya, ga injin yankan itace a nannaɗe cikin buhu, ga jarkar fetur, ga shuɗiyar igiya irin wadda ake ɗaure kaya da ita a tasha. Aka fara ciniki. Mai gida na cewa, "Haba samari, reshe uku ne fa kacal." Babbansu na cewa, "Oga, duba tsawonta mana, ka ƙara wani abu." Daga ƙarshe aka tsaya a kusan rabin abin da suka fara nema, bisa sharaɗin itacen nasu ne.

Ƙaraminsu ne ya hau. Ya tuɓe silifas, daga shi sai singileti da gajeren wando, ya dafe bishiya kamar mai tsinkar mangwaro. Da ya kai sama aka jawo masa injin da igiyar nan. A reshe na biyu ne abin ya so ya ɓaci: kafin ya gama yankawa reshen ya tsage, ya ɓare ɓawon bishiyar, ya yi lilo ya dawo ya doki gangar jikinta. Yaron ya rungume reshen da ke kusa da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da injin da bai mutu ba. Aka yi salati, wasu suka kira sunan Yesu, can kuma sai kowa ya fashe da dariya, aka ci gaba da aiki.

Da ya sauko na ce masa, "Ƙanena, ko hular kwano ba ka da ita?" Ya share gumi ya ce, "Yaya, in na ce sai da kayan kariya zan hau, wani za a kira." Maganar nan tasa ita ce ta sa na zauna rubuta wannan shafi na yau, don gaskiya ya taɓo inda matsalar take.

Me ya sa sana'ar ke bunƙasa?

Duk wanda ya san tsallaken kogi ya san akwai tsofaffin bishiyoyi. Kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa, gidajen ma'aikatan masaƙu a Kakuri da Makera, tsofaffin layukan Barnawa, makarantu da majami'u da masallatai, duk an dasa musu maɗaci da dalbejiya da malaina da turare da mangwaro shekaru aru-aru da suka wuce. Yanzu sun girma sun fi ƙarfin filin da aka ba su. An yi gine-gine a gindinsu, an ja wayoyin lantarki ta cikin rassansu, gara ta cinye cikin wasu. Da zarar iskar farkon damina ta taso a watan Afrilu ko Mayu, sai kowa ya tuna da reshen da ke kan ɗakinsa.

Sannan gari na faɗaɗa. Daga Sabon Tasha zuwa Kamazou da Mahuta da Karji, daga Unguwar Romi zuwa Gonin Gora, gonakin jiya sun zama fulotai, kuma duk mai son aza harsashi sai ya fara kawar da itatuwa. Ga kuma kasuwar itacen girki da gawayi da ta ƙara zafi tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da tsadar gas ɗin girki da ta mayar da gidaje da yawa kan murhu. Gidajen burodi da masu abincin sayarwa ma itace suke nema.

A ɗaya gefen kuma ga matasa ba aikin yi. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe tun 2002, sauran ma suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yan waɗanda suka yi aiki a can su ne yau ke acaba da keke da leburanci. To in ka samu injin yanka, ko na haya ne ko irin ɗan Chana mai sauƙin kuɗi, ka samu abin yi nan take. Ba a tambayarka takarda, ba a tambayarka wa ya koya maka. Sana'a ce ta halal, kuma gari na buƙatarta. Abin dubawa shi ne yadda ake yin ta.

Injin nan ba wasa ba ne

Wani Bajamushe, Andreas Stihl, shi ne ya ƙera injin yanka mai aiki da lantarki a 1926, ya fito da mai shan fetur a 1929, kuma har yau sunansa ne a jikin injinan da ofaretoci suka fi yarda da su, tare da Husqvarna na ƙasar Suwidin. Kacar irin wannan inji tana gudun kusan mita 20 a cikin daƙiƙa ɗaya. Ma'ana kafin ƙwaƙwalwarka ta gaya wa hannunka ya janye, haƙora masu yawa sun riga sun wuce ta wurin. Kuma ba yankan wuƙa take yi ba, yagar nama take yi ta cusa mai da dusar itace a ciki, shi ya sa raunin ke wuyar ɗinki da wuyar warkewa.

Babban haɗarin da ya fi kama ofareta shi ne abin da za mu iya kira harbin inji. Idan saman bakin ƙarfen da kacar ke zagayawa ya taɓa reshe ko ƙusa ko dutse, sai injin ya yi tsalle ya dawo baya, kai tsaye wajen fuska da kafaɗa. Don haka ne masu ƙera shi suka sa masa birkin kaca, wato wannan marfin da ke gaban hannun hagu, wanda ke tsayar da kacar cikin ƙiftawar ido. Je ka duba injinan da ke yawo a unguwanninmu. Da yawa birkin ya karye an ɗaure da waya, wasu ma an cire shi gaba ɗaya wai yana hana aiki sauri.

Akwai ƙa'idojin da ba sa cin ko kwabo: a riƙe inji da hannu biyu, kada a yi yanka sama da kafaɗa, kada a tayar da shi yana reto a hannu, a ajiye shi ƙasa a taka, a kashe shi ko a sa birki kafin a matsa daga wuri zuwa wuri, a riƙa wasa haƙoran kaca domin dakusasshiya ta fi harbi. Sai illolin da ke zuwa a hankali. Ƙarar injin ta haura ma'aunin desibel 100, alhali masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a wajen 85 ga mai aikin awa takwas. Yi hira da tsohon ofareta ka gani, sai ka ɗaga murya. Girgizar injin kuma tana kashe jijiyoyin yatsu, mutum ya wayi gari hannunsa na dindiris.

Sama ta fi ƙasa haɗari

Wanda ke yanka a ƙasa inji kawai yake tsoro da faɗuwar bishiya. Wanda ya hau sama kuwa ya ƙara da faɗowa. A ƙasashen da aka mayar da aikin nan sana'a mai tsari, mai hawa yana sanye da ɗamara ta musamman da ke riƙe ƙugu da cinyoyi, an ɗaure ta da igiyar hawa, kuma kafin ya kunna inji sai ya ɗaure kansa a wuri biyu daban-daban, don in kaca ta datse igiya ɗaya, ɗayar ta riƙe shi. Ƙa'idar Amurka ta ce igiyar hawa ta iya ɗaukar nauyin da ya kai kusan kilo 2,400 kafin ta tsinke. Shuɗiyar igiyar kasuwa da muke gani fa? Rana na cinye ta, ta riƙa marmashewa a hannu, ba wanda ya san ranar da za ta ci amana.

Mutane kuma suna raina nauyin ɗanyen itace. Guntun ɗanyen maɗaci mai faɗi da tsawo da kauri na mita ɗaya-ɗaya zai iya kusantar tan guda. Reshen da kake gani siriri daga ƙasa ya ishe ya rusa katanga, balle wuyan mutum. Abin da ya faru a gidan maƙwabcinmu ma sanannen kuskure ne mai sanannen magani: ana fara ɗan yankan reshe ta ƙasa, sannan a yanke ta sama ɗan nesa kaɗan, sai ya faɗi salin-alin bai tsage ba, daga baya a gyara kututturen. In reshen babba ne, a ɗaure shi da wata igiya dabam a sauke shi a hankali. Wanda aka koya wa ya san wannan a rana ɗaya. Wanda ba a koya wa ba kuwa sai ranar da reshe ya koya masa.

Haka in bishiyar za a kayar gaba ɗaya. Ana yanka mata baki ta gefen da ake so ta faɗi, a yanko ta baya, a bar ɗan tsakani da zai riƙe ta kamar ƙyauren ƙofa, a kuma share hanyar gudu tun kafin a fara. Sauran jama'a su ja baya har ninki biyu na tsawon bishiyar. A wajenmu kuwa ƙarar inji ita ce gangar kiran yara, kowa ya zo kallo, mata na jiran ƙirare, masu babur na bi ta ƙarƙashi. Ban da zuma da zirnaƙo da maciji da mai hawa kan iya tararwa a kogo yana tsakiyar aiki.

Sai maganar waya

Wannan ita ce mai kisa nan take. Ɗanyen reshe yana ɗaukar wuta, jiƙaƙƙiyar igiya ma haka, tsanin ƙarfe kuwa ba a magana. Babbar waya mai ƙarfin 11kV ko 33kV ba sai ka taɓa ta ba, in ka matso sosai wutar na iya tsallakowa. A Amurka doka ta hana wanda ba shi da horo na musamman matsawa kusa da irin waɗannan wayoyi ƙasa da ƙafa 10, wato kimanin mita 3. Mu kuwa lissafinmu shi ne, "Ai an ɗauke wuta." To wa ya gaya maka ba za a dawo da ita kana sama ba? Ko wani maƙwabci ya tayar da janareta ta koma cikin layi? Duk reshen da ke kusa da waya, a je ofishin Kaduna Electric na yankin a nemi su kashe layin a hukumance, su tabbatar. In ba su zo ba, a jira. Haushin jira ya fi zaman makoki sauƙi.

Ina doka take?

A takarda Najeriya ba ta rasa dokoki ba. Akwai Dokar Masana'antu ta 1987, akwai Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 wadda ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga asusun NSITF, domin a kula da wanda ya ji rauni a bakin aiki. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta fitar da kundin ƙa'idojin tsaro a aikin gandun daji tun 1998. Amma duk waɗannan sun fi isa ga mai aiki a kamfani, mai katin shaida da albashin wata. Yaron da aka tsayar a bakin titi aka yi ciniki da baki, ba rasit ba shaida, in ya faɗo wa zai kama? Mai gida zai ce tsautsayi ne, ya ba da ɗan abin da ya sawwaƙa. Mai injin haya zai zo ɗaukar injinsa. Sai 'yan'uwa su kwashe shi zuwa Asibitin Gwamna Awan ko Saint Gerard a Kakuri, ko ma wajen mai ɗori, a fara karo-karo a unguwa.

Idan muka yi lissafin gaskiya, kuɗin da mai gida ya rage a wajen ciniki bai ɓace ba. Kuɗin ɗamara ne da igiya da hular kwano da horo, kuma wanda ke biyansa shi ne wanda ke sama, ranar da ƙafarsa ta zame. Muna kiran abin tsautsayi, kuma lallai ba a tsere wa ƙaddara, amma ai ko a addini an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali.

Su ma can ba da tsari aka haife su ba. A Amurka, wata uwa ce mai suna Ethel Hugg, daga jihar New York, ɗanta ya mutu yana aikin rage bishiya. Ta dinga rubuta wasiƙu ga hukumomi har aka kafa kwamiti a 1968, aka fitar da ƙa'idar da ake kira Z133 a 1972, wadda har yau ita masu sana'ar ke bi ana sabunta ta. A Ingila kuma dokar 1998 kan kayan aiki ta wajabta horo ga mai riƙe injin yanka, ta 2005 ta tsara duk wani aiki da ake yi a sama. A can, mai gida kan tambayi takardar shaida da inshora kafin ya bar ka ka taɓa bishiyarsa.

"To ina kuɗin?"

Na san abin da wani zai ce: mutumin da ke neman na abinci za ka ce ya sayi kayan Turai da dala ta yi tashin gwauron zabi? Magana ce mai ƙarfi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Cikakkun kayan hawa na gaske suna iya fin injin kansa tsada. Wandon kariya ma, wanda aka cusa wa dogayen zaruruwa da ke shaƙe kaca su tsayar da ita in ta taɓa ƙafa, yana da kauri da zafi, sa shi a ranar watan Maris a Kaduna aiki ne.

Amma a duba abu biyu. Na farko, rabin kariyar ilimi ne, kuma shi kyauta ne: yadda ake yanka, inda ake tsayawa, lokacin da ake cewa a'a. Hular kwano irin ta magina, tabarau, abin toshe kunne, safar hannu da takalmi mai ƙarfe a baki, duk ana samunsu a kasuwannin Kaduna a farashin da aiki biyu ko uku zai biya. Zafi kuma ana rage shi da fara aiki da sassafe. Na biyu, ɗamara da igiya ba dole kowa ya mallaki nasa ba. Yadda 'yan acaba da masu keke ke da ƙungiya, ofaretocin Narayi ko Television ko Nasarawa za su iya haɗuwa su yi adashi, su sayi kaya biyu ko uku na haya, su kuma tsayar da farashin da babu mai sauka ƙasa da shi. Muddin kowa na cin gashin kansa, maganar yaron nan za ta ci gaba da zama gaskiya: wanda ya nemi kariya, wani za a kira.

Abin haushin shi ne kayan gyaran duk suna nan Kaduna. Kwalejin Tarayya ta Injinan Gandun Daji tana Afaka. Hedikwatar NBTE, hukumar da ke kula da tsarin ba masu sana'ar hannu takardar shaidar ƙwarewa, tana cikin garin nan. Kwalejin nazarin muhalli ta Kaduna Polytechnic a Barnawa take. Gwamnatin Uba Sani ta gina cibiyoyin koyon sana'a a Rigachikun da Soba da Samarun Kataf. Me zai hana a tsara gajeren kwas na mako biyu, da Hausa da Turancin buroka, kan riƙon inji da hawa da ceton wanda ya maƙale a sama da taimakon farko, a ba mutum kati? Daga nan sai ma'aikatu da makarantu da KEPA da ƙananan hukumomin Kaduna ta Kudu da Chikun su ce ba za su ba kowa kwangilar saran bishiya ba sai mai katin. Majami'u da masallatai su bi. Da zarar katin ya fara kawo aiki, ba sai an roƙi kowa ya je ya koya ba.

Wani amfanin kuma, wanda ya samu horo ya san ba kowace bishiya ce ta cancanci sara ba. Sau da yawa rage reshe biyu ya wadatar, amma saboda ladan aikin itace ne, sai a gundule ta gaba ɗaya, ko a aske mata kai ta fito da raunanan rassan da za su fi na da haɗari nan da 'yan shekaru. Garin da zafi ke ƙaruwa bai kamata ya riƙa asarar inuwar shekara hamsin saboda lodin itace ɗaya ba. A biya mutum kuɗin aikinsa da kuɗi, sai ya daina kallon bishiyar a matsayin ladansa.

Kafin ka kira su, kafin ka hau

Ga mai gida: tambayi wanda ka kira yadda zai sauke reshen da abin da zai ɗaure kansa da shi. In akwai waya, a fara da kamfanin wuta. Ka kori yara, ka tare hanya, kada ka bari a yi aikin ana iska ko hadari ko magariba ta gabato. Kuma in ya faɗi farashi saboda ya zo da kayan kariya, kada ka ce ya cika tsada ka nemi wani.

Ga ɗan'uwana ofareta: kada ka hau kai kaɗai, a samu wani a ƙasa da ya san abin yi in ka maƙale. Kada ka sha wani abu wai don ƙarfin zuciya, domin tsoron nan da kake son kashewa shi ke tsaron ranka. Ka gyara birkin injinka kafin ka canza waya. Ka ajiye tsumma mai tsabta da bandeji a aljihu. In kaca ta yanki mutum, a danne wurin da ƙarfi, in jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa a ɗaure sama da raunin tamau, a nufi asibiti, kada a tsaya zuba fetur ko ƙasa. Wanda ya faɗo kuma kada a ciccibe shi a ɗora a babur, a kwantar da shi a kan allo ba tare da an lanƙwasa wuya ko baya ba. A ajiye lambar gaggawa ta 112 a waya.

Yaron nan na Barnawa na sake ganinsa kwanan baya a Sabon Tasha, a bayan babur, injin na kan cinyarsa. Ya ɗago mini hannu, na ɗaga masa. Har yanzu silifas ne a ƙafarsa, kuma damina ta kusa.